Aiki Ya Ɓaci A Hannun Ɗan Kwangila Na Biyu: Wa Zai Biya Manomi?

Damina ta ja baya, an fara kai amfani gida, hankalin manoman fadama kuma ya koma ga noman rani. A irin wannan lokaci ne 'yan kwangila su ke bin ƙauyuka da jakunkuna da takardu. Wannan ya ce zai haƙa rijiyar burtsatse, wancan ya ce zai auna fili ya fid da hanyoyin ruwa, wani kuma ya ce a ba shi aikin kaftu da feshi. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma akwai wata tambaya guda wadda ba safai a kan yi musu ita ba kafin a miƙa kafin alƙalami, watau: in aiki ya ɓaci, wa zai biya, kuma daga wane aljihu?

Tambayar ta fi nauyi yanzu bisa ga da, domin noman kansa ya sāke. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Bakolori a 1978, sa'an nan shirin Fadama ya zo cikin shekarun 1990 da ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa, noman rani ya zama aikin awo da lissafi. Manomi ya san ƙasarsa, ya san lokacin shuka, amma ba shi da na'urar da za ta gaya masa inda ruwa ya ke a ƙarƙashin ƙasa, ko ta nuna masa wane ɓangaren fili ya fi wani tudu da taƙi guda. Tilas ya nemi masu wannan sani, ya biya su, ya kuma dogara da abin da suka ce.

Masu wannan sani kuwa galibi ƙananan kamfanoni ne, mutum uku ko huɗu, da ofis ɗaki guda, da takardar rajista rataye a bango. Irin wannan kamfani ba ya iya ajiye safiyo yana biyansa albashin wata goma sha biyu saboda aikin wata uku. Ba ya iya sayen motar haƙa rijiya. Saboda haka in ya sami kwangila sai ya yayyanka ta: awo ya ba wani safiyo mai zaman kansa, haƙa ya ba mai mota, feshi ya ba wata ƙungiyar samari masu tankuna. Waɗannan su ne 'yan kwangila na biyu. Yin haka ba laifi ba ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ko wane hannu da aka ƙara cikin aiki, an ƙara wata ƙofa ke nan da kuskure zai iya shigowa, alhali kuwa manomi da mutum guda kaɗai ya yi magana.

Ga Misali

A ɗauka wata ƙungiyar manoma arba'in ta tara kuɗi, wasu sun sayar da awaki, wasu sun ci bashi, don a gyara musu fili su noma alkama. Suka yi yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani a kan naira miliyan 6, ya auna fili, ya zana hanyoyin ruwa, ya lura da aikin har ya ƙare. Mai kamfani ya ba wani safiyo aikin awo. Safiyon yana da wani aiki a wani gari, sai ya yi gaggawa, ya karanta na'ura ba daidai ba. Aka zana taswira bisa ga awonsa, aka tona hanyoyi bisa ga taswira, aka watsa iri a ƙarshen Nuwamba da sanyin hunturu. Ranar da aka saki ruwa sai ya kwanta a gefe guda har shuka ta ruɓe, ɗaya gefen kuwa ko ɗigo bai kai ba. Kafin a gano inda cutar ta ke a sāke tono, lokacin shuka alkama ya wuce, don alkama ba ta jiran kowa: in zafin bazara ya riske ta tana fid da kai, tsabar ba ta cika.

Sai Sarkin Noma ya ɗauki dattawa biyu suka tafi ofis.

Ya ce, “Alhaji, ruwa ya ƙi hawa. Iri ya tafi, taki ya tafi, ga masu bashi sun fara sallama.”

Mai kamfani ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ba daga gare ni ba ne. Safiyon nan ne ya cuce mu baki ɗaya. Ga lambarsa, ku neme shi.”

Sarkin Noma ya ce, “Alhaji, mu ba mu san wani safiyo ba. Kai muka ba kuɗi, hannunka ne a takarda.”

Maganar Sarkin Noma ita ce gaskiya, ko a gaban alƙali. Amma gaskiya ba ta cika buhu. In hasarar manoman ta kai naira miliyan 20, kamfanin kuwa duk abin da ya mallaka tebur ne da kwamfuta da tsohuwar mota, to, ko kotu ta ba su gaskiya ba abin da za su ɗauka. Mai kamfani ya karye, manoma sun tashi a tutar babu, safiyo ya kashe wayarsa. Mutum arba'in da ɗaya sun yi hasara saboda kuskuren yini guda na mutum ɗaya.

Alhaki A Kan Wa Ya Ke

Ƙa'idar shari'ar kwangila a bayyane ta ke. Wanda ya karɓi aiki ya sa hannu, shi ne zai amsa, ko da hannunsa ya yi ko ya miƙa wa wani. Ana iya miƙa aiki, amma ba a miƙa alhaki. Manomi ba shi da yarjejeniya da ɗan kwangila na biyu, don haka hanyarsa mafi sauƙi ita ce ya kama na farko. Shi kuma na farko, in ya biya, ya juya ya nemi nasa daga wanda ya yi kuskuren.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihun Malikiyya tun da daɗewa suka ɗora wa masu sana'a, irin marina da masaƙa da maɗinka, lamunin kayan da aka kai musu, don a tsare dukiyar jama'a. Wanda ya kai shadda ga maɗinki, yaron shago ya ɓata yanka, ba ya neman yaron shago, maigidan ya ke nema.

Abin da zamani ya ƙara shi ne alhakin shawara. A 1963 babbar kotun Ingila ta yi hukunci cikin wata shari'a da a ke kira Hedley Byrne da Heller. Wani kamfanin talla ya sa aka tambayi wani banki ko wani abokin cinikinsa yana da ƙarfin biyan bashi, bankin ya ba da amsa mai daɗi, kamfanin ya dogara da ita ya yi hasarar kamar fam 17,000. Bankin ya kuɓuta domin ya rubuta tun farko cewa bai ɗauki alhakin amsar ba. Amma alƙalan sun kafa ƙa'ida cewa mai wani sani na musamman, in ya ba da shawara da sakaci ga wanda ya san zai dogara da ita, ana iya kama shi da biyan hasara. Da ya ke kotunan Nijeriya sun gāji tsarin shari'ar Ingila, wannan ƙa'ida ta shafi safiyo da injiniya da likitan dabbobi da mai ba da shawarar taki na ƙasar nan. Watau ba sai mutum ya fasa wani abu da hannunsa ba. Lamba guda da ya rubuta ba daidai ba ta isa.

Inshora Iri Uku

Maganin wannan hali shi ne inshorar kuskuren sana'a. Mai kamfani yana biyan wani kuɗi ko wace shekara ga kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin cewa in aka kama mai kamfani da sakaci a cikin awo ko zane ko lissafi ko shawara, zai biya diyyar da kuɗin lauya har iyakar da aka rubuta. Amma da ya ke jama'a kan haɗa ko wace inshora su ɗauke ta abu guda, ya kamata a rarrabe uku.

Ta farko ita ce inshorar amfanin gona, irin wadda gwamnatin tarayya ta fara shirinta a 1987, wadda hukumar NAIC ke riƙe da ita. Manomi ne ke yin wannan, tana kuma tsare shi daga fari da ambaliya da gobara da ƙwari da cuta. Ba a yi ta don kuskuren ɗan kwangila ba.

Ta biyu ita ce inshorar ɓarna ga jama'a. In motar haƙa ta ture katangar maƙwabci, ko yaro ya fāɗa ramin da aka bari a buɗe, ko iska ta kwashe feshi ta kai gonar wani, wannan ita ce mai biya.

Ta uku ita ce ta kuskuren sana'a, mai biyan hasarar da ta fito daga kai, ba daga hatsari ba. Aikin feshi zai nuna bambancin. Maganin ciyawa da a ke kira 2,4-D yana kashe tsiro mai faɗin ganye, shi ya sa a ke fesa shi a gonar shinkafa da masara, amma dafi ne ga tumatir da wake da auduga. In mai ba da shawara ya rubuta a fesa shi a gonar da aka haɗa masara da wake, wake ya ƙone, wannan kuskuren sana'a ne. In kuwa an fesa shi daidai a gonar shinkafa, iska ta kai shi lambun tumatir na maƙwabci, wannan ɓarna ce ga jama'a. Kamfanin da ke ba da shawara yana kuma aikatawa yana bukatar duka biyu. Wanda ya nuna takardar ɗaya ya ce ta isa, ya rufe ƙofa ne ya bar taga.

Inda Gizo Ya Ke Saƙa

To, ko an yi inshorar kuskuren sana'a, maganar 'yan kwangila na biyu tana da sharuɗɗa waɗanda in ba a kula ba, ranar biya sai a tarar takarda ce kawai.

Na farko, a faɗi gaskiya tun ranar cika takardar nema. Inshora an gina ta ne bisa ga bayyana duk abin da zai shafi lissafin mai ɗaukar lamuni. Takardar ta kan tambayi wane irin aiki a ke yi, da nawa ne daga cikin kuɗin shekara a ke biyan 'yan kwangila na biyu. Mai kamfanin da ya rubuta cewa da ma'aikatansa ya ke yin kome don a rage masa kuɗi, alhali rabin aikinsa a hannun wasu ya ke, ya ba kamfanin inshora hujjar ƙin biya da hannunsa.

Na biyu, a nemi layin da ya ambaci 'yan kwangila na biyu a cikin takardar, a karanta shi sau biyu. Wata takarda ta kan ce ta rufe alhakin da ya hau kan mai kamfani saboda aikin duk wanda ya yi aiki a madadinsa. Wannan ita a ke so. Wata kuma ta kan tsaya ga ma'aikata masu albashi kaɗai. Wata ta kan rufe, amma da sharaɗin cewa ɗan kwangila na biyu shi ma yana da tasa inshorar, kuma mai kamfani ya gan ta ya ajiye kwafinta. In da wannan sharaɗi, aka kuwa ba safiyon da ba shi da ko ɗaya aiki, an fita daga inuwa ke nan ba a sani ba.

Na uku, ɗan kwangila na biyu kada ya ɗauka rigar maigida ta rufe shi. Galibi takardar tana tsare mai kamfani ne kaɗai. In kamfanin inshora ya biya manoma, yana da ikon tsayawa a matsayin mai kamfani ya kai ƙarar safiyon don ya mai da kuɗinsa. Saboda haka ma a kan hana mai kamfani ya rubuta wa ɗan kwangila na biyu cewa ya yafe masa duk kuskure tun kafin a fara aiki, domin yin haka ya datse wa kamfanin inshora hanya. Safiyo ko injiniya mai zaman kansa, ko dai ya yi tasa, ko ya sa a rubuta sunansa cikin ta maigida.

Na huɗu, lokaci. Wannan shi ne wanda ya fi kā da mutane. Irin wannan inshora galibi tana duban ranar da aka kawo ƙara ne, ba ranar da aka yi aiki ba. Rumbun da aka zana bana yana iya tsagewa bayan damina uku. In mai kamfani ya yi inshora shekarar aiki kaɗai ya bari, ƙara ta zo bayan ta mutu, ba mai biya. Haka kuma akwai wata rana da a kan rubuta cikin takardar, wadda duk aikin da aka yi kafinta bai shiga ba. Wanda zai bar wani kamfanin inshora ya koma wani, ya tabbata an ɗauko masa tsohuwar ranarsa. Wanda kuma zai rufe sana'a ya huta, akwai ƙarin da a kan saya don ya tsare shi daga ƙarar ayyukan baya na wasu shekaru.

Na biyar, iyaka da kason farko. Ko wace takarda tana da iyakar abin da za a biya, wani lokaci a kan ko wace ƙara, wani lokaci a kan dukan ƙarar shekara a haɗe. Kuskuren da a kan yi shi ne a auna iyakar da kuɗin kwangila. A misalin da ya gabata kwangilar miliyan 6 ce, hasara kuwa miliyan 20. Da hasarar da za ta iya aukuwa a ke auna iyaka. Akwai kuma kason farko na ko wace diyya wanda mai kamfani zai biya daga aljihunsa, don kada ya yi sakaci yana cewa ai akwai mai biya.

Na shida, sanarwa. Da zarar an ga alamar ɓaci, tun kafin takardar lauya ta zo, tilas a sanar da kamfanin inshora a rubuce. Kada kuma mai kamfani, don kunyar dattawa, ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya kafin ya sanar. Ya karɓe su da mutunci, ya rubuta kukansu, ya gaya musu yau zai kai shi inda ya dace.

Abin Da Ba Ta Biya

Kada manomi ya ɗauka takardar nan ta lamunce masa girbi. Sakaci ta ke biya, ba ko wace hasara ba. In an yi binciken ƙasa yadda masana su ke yi, aka haƙa rijiya ba a sami ruwa ba, wannan ba sakaci ba ne, don ƙasa mai dutse a ƙarƙashi ta kan ruɗi gwani. In kuwa mai bincike bai ma je wurin ba, ko ya je ya rubuta lambobin wani gari, wannan magana ce dabam. Ba ta biyan zamba da gangan, kamar wanda ya karɓi kuɗi ya gudu. Ba ta kuma biyan alkawarin cika baki, irin na ɗan kwangilar da ya rubuta cewa lalle za a sami buhu kaza a ko wace eka. Wanda ya yi irin wannan alkawari ya ɗauki kayan da inshora ba za ta taya shi ɗauka ba.

Masu Ja Da Baya

Akwai masu cewa kuɗin ya yi yawa ga ƙaramin kamfani. Gaskiya ne kuɗi ne, kuma a ƙarshe cikin kuɗin kwangila zai shiga, watau manomi ne zai biya. Amma ai yanzu ma manomi ne ke biya, sai dai yana biya ne gaba ɗaya ranar da aiki ya ɓaci, shi kaɗai. Inshora rarraba wannan kaya ne a kan mutane da yawa da shekaru da yawa. Ɗan kwangilar da ya fi kowa araha don ba shi da ita, araharsa ba ta ado.

Akwai masu cewa kamfanonin inshora ba su biya. Wannan kuka yana da tushe, domin an sha ganin jinkiri da jan rai, ga kuma takardun jabu da a kan sayar a bakin tasha. Amma akwai hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don lura da kamfanonin inshora, tana ba da lasisi tana kuma karɓar ƙorafi. A watan Agusta na 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. A yi hulɗa da kamfani ko dillali mai lasisi kaɗai. A kuma tuna ƙa'idar nan da aka tsananta tun farkon 2013, cewa in ba a biya kuɗi ba babu lamuni. Takardar da ba rasit a bayanta ba abin dogara ba ce.

Akwai masu shakka ta wajen addini, saboda maganar riba da rashin tabbas. Waɗannan su nemi masu takaful, wanda NAICOM ta fid da ƙa'idodinsa a 2013. A tsarin takaful masu shiga suna zuba gudummawa cikin asusu guda don taimakon wanda abu ya sama, ana juya kuɗin ta hanyar da ba riba, kamar dai gayya ce ta kuɗi. Mai kamfani ya je ya tambaye su irin lamunin da ya dace da sana'arsa.

Akwai kuma masu cewa doka ba ta tilasta ba. Lalle akwai sana'o'in da aka tilasta wa: dokar inshorar lafiya ta 1999 ta ɗora wa asibitocin da ke cikin tsarin su yi inshorar kuskuren sana'a, dokar 2003 kuma ta ɗora wa dillalan inshora kansu. Dalilin da ya sa aka yi haka shi ne jama'a suna dogara da saninsu. Dogaran manomi ga mai awon fili bai gaza na wanda ya je wurin dillali ba. Abincin gidansa na shekara ne a kan lambar da aka rubuta. Ba sai an jira doka ba: mai biyan kuɗi yana da ikon sa sharaɗi.

Abin Yi Kafin A Fara Tono

Shugabannin ƙungiyoyin manoma, kafin su miƙa ko kwabo, su yi tambaya huɗu, su kuma sa a rubuta amsa cikin yarjejeniya. Wane ɓangaren aiki za a ba wasu, su wane ne? Masu awo da zane suna da rajista da majalisar sana'arsu, kamar COREN ta injiniyoyi da SURCON ta safiyoyi? Ina takardar inshora da rasit ɗinta, yaushe za ta ƙare, nawa ce iyakarta? Ta ambaci 'yan kwangila na biyu? Sa'an nan a sa akawun ƙungiya ya tuntuɓi kamfanin inshorar da kansa ya tabbatar takardar tasu ce. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ko ɗan'uwa aka ba rance a kan kira shaidu, zumunci kuwa ya fi daɗewa.

Masu ƙananan kamfanoni su daina ba da aiki da fatar baki ko ta waya. Ko wane ɗan kwangila na biyu a yi masa takarda mai faɗin abin da zai yi, da ranar gamawa, da cewa shi zai ɗauki kuskurensa. A karɓi kwafin inshorarsa a ajiye. A duba aikinsa kafin a ɗora wani a kai, domin da mai kamfanin nan ya sa an sāke awo a wuri uku ko huɗu kafin tono, da aikin rabin yini ya tsare noman shekara. A adana taswira da littafin awo da hotuna shekaru da yawa, don ranar ƙara su ne shaidu.

'Yan kasuwa masu ba manoma iri da taki bashi a biya da kaka, su ma abin ya shafe su, don in fili ya ɓaci kuɗinsu ne ya nutse. Su da bankuna da ma'aikatun gona na jihohi da ƙananan hukumomi sun fi kowa ikon gyara wannan al'amari. In suka sa sharaɗi cewa ba za a saki kuɗin aikin awo ko zane ko haƙa ba sai an ga takardar inshora mai rai, cikin rani biyu za ta zama al'ada. Akawun da ke duba takardun kwangila a ofis kuwa, kada ya tsaya ga ganin hatimi. Ya duba kwanan wata, ya duba iyaka, ya duba layin 'yan kwangila na biyu.

Kuskure ba ya ƙarewa muddin ɗan Adam ne ke riƙe da na'ura. Gwani ma ya kan yi, bare mai gaggawa. Abin da ke hannun mutane shi ne su shirya tun ana zaman lafiya inda kayan zai sauka ranar da ya zame, don kada ya danne wanda ya sayar da akuyarsa. Rigakafi ya fi magani, kuma tun ran gini a ke zane. Allah ya ba da rani mai albarka, ya tsare manoma da 'yan kwangila daga hasara, amin.